Kazata Wake-wake da Simintin Baba

Har yau in aka tafasa ganyen bedi, wato dogonyaro, kusa da ni, sai in gan ni a tsakar gidanmu na Ƙofar Durbi, ina tsugune gaban kakata da kaza a hannu. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo gari, kowa ya zama mai sauri. Rediyo a kowane zaure, rufin kwano yana ta hawa kan ɗakuna, sababbin babura suna tsorata awaki a lungu.

Baba ma bai yarda an bar shi a baya ba. Da aka ƙara musu albashi, ya kira magina suka shafe tsakar gida da siminti, tun daga bakin zaure har gindin bedi, ba a bar ƙasa ko tafin hannu ba. Mu yara abin nema ya samu. Da yamma in an watsa ruwa, sai gajimare su riƙa wucewa ƙarƙashin ƙafafunmu, mu yi ta sulɓi a kansu. Kakata kuwa, wadda ban taɓa gani da takalmi a cikin gida ba, sai ta koma yini a ɗaki. Ba wanda ya tambaye ta dalili.

Ita ta ba ni kazar tun tana 'yar tsako, wake-wake mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, jinin wadda ta taho da ita daga ƙauyensu. Kullum da hantsi kazar nan sai ta je gindin bedi inda ta saba birgima, ta yi ta tonon siminti, ta tsaya tana kallonsa da ido ɗaya. Mu kuma mu yi ta dariya. Da damina ta kankama sai ta daina fitowa. Na same ta a akurki ta takure, gashin ƙarƙashin jelarta ya cure da kashi ya bushe, fatar wurin ta yi jajir, ƙudaje suna bi.

Baba ya leƙa daga tsaye. Ya ce a yanka ta kafin ta zama mushe, ran Juma'a in ya sauko daga masallaci. Ai ga fararen kaji tiƙa-tiƙa a gidan gona, zai sayo mini biyu. Ni ba biyu nake so ba. Na yi kuka har da shessheƙa.

Kakata tana jinsa. Ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta kira, balle ta ja magana da shi. Sai da ya fita ta ce, "Share majinar nan, uwar kaza. Tahi ki tsinko mani bedi."

Ta tafasa ganyen, ta surka ruwan har ya koma ɗumi. Ta sa na riƙe fukafukan kazar, na rufe kan da gefen zanena don ta natsu. Ta zaunar da bayan kazar cikin tsohon kasko, ta bar ƙazantar ta jiƙa, tana murzawa a hankali, ba ta fizgi gashi ko ɗaya ba. Wanda ya ƙi saki ta datse da almakashi. Sai ga ƙwarƙwatar kaji suna gudu a kan fata. Ta tsane wurin da tsumma, ta shafa man kaɗanya. Zuciyar kazar tana bugawa a tafina, tururi mai ɗaci yana tashi, kakata tana rera wata waƙar daka can ƙasa-ƙasa, har ni da kazar muka fara gyangyaɗi.

Haka muka yi ta yi safe da yamma, da ɓawon maɗaci a ruwan shanta. Ran Juma'a kakata ta aike ni bayan ganuwa na ɗebo busasshiyar ƙasa a tsohon daro. Ta cuɗa da toka, ta ajiye daidai hanyar da Baba zai bi.

Ya shigo da wuƙa a hannu. Kazar tana cikin daro, ta kwanta a gefe guda, ta lumshe ido, tana watsa ƙasa cikin gashinta. Kakata na zaune a bakin daron, ta tura yatsun ƙafarta ciki. Ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Ke, mi kaza ke wanka da shi in ba ƙasa ba? An hana ta wanka, an koma ana ce mata ƙazama."

Baba ya daɗe a tsaye yana kallon wajen daron. Sannan ya miƙa wa mahaifiyata wuƙar ya shige ɗaki. Washegari da kansa ya aro diga, ya fasa simintin da ya sha yabo a kansa, ya buɗe fili kewaye da bedi. Kazar ta warke, ta yi kwanci, ta fito da 'yan tsaki. Tabarmar kakata ma ta fito daga ɗaki, ba ta sake komawa ba sai da aka fita da gawar mai ita.

Yanzu gidan duk tayil ne, an sare bedin, kaza kuma a leda take zuwa, sanyi ƙalau. Da na yi nawa ginin, na hana magini shafe wani lungu. Ya ce, "Hajiya, kaji za ki zuba?" Na ce masa a'a. Da yamma nakan tuɓe takalmi in zauna a wurin, in tura yatsuna cikin ƙasa. A nan ne, bayan na yi furfura, na gane cewa ran nan ba kazar Baba ya tsaya kallo ba, ƙafafun uwarsa yake kallo.