Rufin da Na Sauke da Hannuna

Shekara biyu bayan babban fari aka turo mana mutumin da zai gina rijiyar siminti a ƙauyenmu, kusa da Guci. Kamyo, babbar motar kaya, ya sauke shi da buhunan siminti da akwati guda. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ba fari ba ba baƙi ba, gashinsa kwance. Aka ce daga wata ƙasa ta bakin teku ya fito, can Amurka ta Kudu. Sunansa ya ƙi zama a bakinmu, sai muka sa masa Mai Rijiya.

Ni kuwa a lokacin ina tashen gini, sabon magini mai ji da kansa. Maigari ya kira ni ya ce in yi wa baƙo masauki wanda ba za mu ji kunya ba. Na zage na yi soro. Azara ta giginya na zaɓo ɗaya bayan ɗaya, na zuba rufin laka mai kauri, na shafe da makuba, na sa indararo biyu. Wallahi har yau ban sake gina ɗakin da ya kai shi ba.

Mai Rijiya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin. Ya yi godiya da 'yar Hausarsa, ya tura akwatinsa ciki, ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a gindin bishiyar bedi. Nan ya mai da wurin kwanansa.

Kun san bakin mutanenmu. Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta gama gari: wanda ya san gini na boko ya duba rufina ya ga zai faɗo. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Magini, a bi ta gefen soronka ko a kewaye?" Wani attajirin gyaɗa da ya yi mini alkawarin soro biyu bayan damina ya fara cewa sai ya yi shawara. Ni da ba ni da gonar kirki, sunana ne abincina, kuma ga shi yana zubewa ina kallo.

Da ruwan farko ya sauka, na ce yanzu dole ya shiga. Ina! Ruwa ya yi masa dukan tsiya a ƙarƙashin wata 'yar leda, ya tashi da zazzaɓi, ya kuma koma gindin bedinsa. Nan haƙurina ya ƙare. Da hantsi na je lakwal, makarantar boko, na janyo mushe, malamin yara, don shi ke jin Faransanci, muka same shi a bakin rijiya yana rawar ɗari yana auna ƙarfe.

"Mushe, gaya masa," na ce, "in ginina na da aibi ya nuna mini da yatsa. In kuwa raini ne, ba mu gaji haka ba. An ba ka ɗaki ka zaɓi kwana kamar akuya?"

Mushe bai fassara akuyar ba, na gani a fuskarsa. Mai Rijiya ya ajiye ƙarfen, ya zauna kan buhu, ya yi magana a hankali, mushe yana juya mini.

Ya ce garinsu ma da laka suke gini, kamar mu. Wata Lahadi da rana ya fita kasuwa, sai ƙasa ta yi ruri ta fara girgiza, har mutum ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa. Mushe ya ƙara mini da nasa, wai a can ƙasar teku ce ke cusa kai ƙarƙashin tudu, su yi ta dannar juna shekara da shekaru, ranar da ɗaya ta kuɓuce sai komai ya motsa. Kafin ya kai gida da gudu, unguwarsu ta zama tsibin ƙasa. Matarsa da 'ya'yansa mata biyu suna ciki. Da hannunsa ya tono gawarwakinsu, shi da maƙwabcin da ya rage. Masu bukkar kara, talakawan bayan gari, yawancinsu sun fito da ƙujewa kawai. Masu rufi mai kyau ne suka tafi.

"Ɗakinka ba shi da aibi," in ji shi ta bakin mushe. "Gwani ne ya gina shi. Namu ma gwani ne ya gina."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai ƙasarmu ba ta motsi, Malam."

Wannan ya ji ba tare da mushe ba. Ya taɓa goshinsa ya ce da Hausa, "Nan ya sani." Ya dafa ƙirji. "Nan bai sani ba."

Sannan ya roƙe mu kada mu gaya wa kowa. Ya ga yadda muke gaisuwar mutuwa, gari guda a ƙofar mutum, ya ce ba zai iya ɗauka ba, aiki ya zo yi don ya samu ya daina tunani. Muka yi masa alkawari.

A hanya mushe ya ce, "Magini, kalma ɗaya a majalisa za ta wanke ka." Na ce na sani. Kwana biyu ina juya abin, raina a ɓace, ina jin haushin mutumin ina kuma jin tausayinsa. Ga hadari kullum yana haɗuwa, ga tarinsa ana ji daga bakin rijiya.

Rana ta uku da safe na hau soron da diga. Na fasa makubar, na zubar da lakar, na zare azara ɗaya bayan ɗaya, gari ya taru yana kallo. Maigari ya aiko a tambaye ni ko lafiya, na ce a gaya masa, ransa ya daɗe, gyara nake. Wani daga ƙasa ya ce, "To, ga shi ya yarda da bakinsa." Na haɗiye. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irin wannan ba. Na ɗaura jinka ta kara da shuci, mara nauyi, wadda ko ta faɗo wa jariri sai dai ya yi atishawa.

Da azahar Mai Rijiya ya dawo cin abinci. Ya tsaya a ƙofa ya dubi jinkar, ya miƙa hannu ya ɗaga gefenta da tafinsa, ta ɗagu. Ya ɗauko tabarmarsa ya shiga. La'asar ta yi yana ta barci, ma'aikatan rijiya suka zo kiransa, na tare su a ƙofa na ce aikin ya jira. Daga baya ya gaya wa mushe rabonsa da barci ƙarƙashin rufi shekara shida ke nan.

Attajirin gyaɗa ya ɗauko magini daga Dungas. Kaka uku ba wanda ya ba ni soro, sai katanga da rumbu, kuma har Mai Rijiya ya gama aikinsa ya tafi ban buɗe baki ba.