Fayil Mai Sunan Malam Isuhu

Ban taɓa mantawa da ranar da na ga sunan Malam Isuhu a bangon fayil ɗin mamaci ba, alhali yana zaune a gabana yana shan ruwa.

Lokacin zafi ne, shekarar korona. Ni ma'aikacin sito ne a unguwar Al Qusais, a Dubai. Bayan an tashi ina taimaka wa kwamitinmu na 'yan Arewa, mai ɗawainiyar wanda ya rasu ba shi da dangi a Dubai, Musulmi ko Kirista. Malam Isuhu ne sakatare, ni mataimakinsa. Domin ku sababbin 'yan kwamiti: kowane mamaci ana buɗe masa fayil, a rubuta sunansa a bango, a bi takardar asibiti, ta 'yan sanda da ta ofishin jakadanci, kafin a binne shi ko a kai shi gida.

Malam ba ya bari kowa ya ɗaukar masa fayil. Yakan ce aikin Allah ne, ba a ajiye shi.

Ran nan bayan la'asar, a ɗakinsa na Al Nahda, ya miƙo mini sabon fayil na wani direba da ya rasu. Sunan Malam ne a kai, har da na mahaifinsa, da rubutunsa mai tsabta.

"Malam, wa ka rubuta?"

Ya daɗe yana kallonsa. "Hannu ne ya gaji," ya ce. Bai yaga ba. Ya tura shi ƙarƙashin sauran.

Na ce, "Ran Juma'a mu je garin Hatta, ka kashe waya, ka zauna bakin ruwa. Jikin nan ma amana ne."

"Kai Bulus, yau kai ne liman?" Ya yi dariya. "Inshallah, in na gama. Wanda ke kwance a firjin asibiti ba shi da hutun Juma'a."

Na yi shiru don ya girme ni. Har yau shirun nan yana damuna.

Bai ga Juma'a ta biyu ba. A layin karɓar takarda ya faɗi, bai sake tashi ba.

Da na zo buɗe masa fayil, na ɗaga sauran, na sami wancan mai sunansa yana jira. Ban rubuta komai a bango ba.

Shi ya sa yanzu ba mai ɗaukar fayil biyu a jere, kuma ranar ibadar mutum wayar kwamiti tana hannun wani. Aikin nan ya koya mini cewa mamaci yana iya jiran kwana ɗaya. In na karɓe waya daga hannunka, kada ka ji haushina.