Masinjan Baba Moji Ba Ya Ƙari

Olatubosun Fagbenro, wanda duk layinmu na Oke-Ado ke kira Baba Moji, ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin tafinta a wata kotun majistare a nan Ibadan, kuma bai taɓa isar da maganar mutum yadda aka faɗe ta ba. Da wannan yake alfahari. An taɓa kawo wani manomi daga Akanran kan rikicin gonar koko. Manomin ya dubi alƙali ya ce da ganin kansa ba a yi masa wanka da kyau ba yana jariri. Baba Moji ya miƙe, ya gyara kwat, ya shaida wa kotu cewa wanda ake ƙara ya dogara ga hikimar mai shari'a. Manomin ya koma gida da gonarsa, yana ta ba da labarin yadda ya zagi alƙali ya kwana lafiya.

A wurin mahaifiyarsa ya koyi sana'ar, ko da yake ba ta taɓa shiga aji ba. Lokacin da yake saurayi a birni, idan tana son ganinsa sai ta aiko wani mai fataucin goro ya ce tana lafiya, kada ya wahalar da kansa. Mai goron zai faɗi haka daidai, ya sha ruwa, ya sa takalmi, sai a bakin ƙofa ya ce, "Amma dai na ga ba ta cinye amalarta ba." Washegari Olatubosun yana cikin mota. Babba ba ya roƙon ɗansa. Babba yana hanawa, ɗan aike ya ƙara abin da ido ya gani, kowa ya fita da mutuncinsa.

Ya yi ritaya, matarsa ta rasu shekara shida bayan nan, idonsa ya fara hazo. 'Yarsa tilo, Mojirayo, tana aikin jinya a Ingila shekara goma sha huɗu ke nan. Da ta zo bikin binne uwarta ta ga ba ya iya karanta saƙo a waya, sai ta saka masa irin mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira, wanda ake yi wa magana ya amsa. Shi ke tuna masa maganin hawan jini, ya karanta masa jarida, ya rubuta abin da ya faɗa ya aika mata, ya karanto amsa. Baba Moji ya sa masa suna Masinja, don a kotu akwai masu wannan muƙami kuma suna ƙasa da tafinta.

Sun zauna lafiya, gwargwado. Masinja ba ya gajiya, ba ya neman izinin zuwa biki, kuma yana sauraron labarin manomin Akanran ko sau nawa aka ba shi. Abu ɗaya ya dami tsohon. A wata na biyu ya gane cewa idan ya ce a gaya wa Moji yana lafiya, abin da ake gaya mata ke nan.

A watan Oktoban bara ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya daina zuwa coci da ƙafa, ya daina fitowa benci da yamma. A mako na biyu ne saƙon Moji ya zo, Masinja ya karanta masa. Ta ce hutun Disamba ya samu da ƙyar, kwana goma. Ko dai ta zo, ko kuma ta yi aiki a kwanakin ta aiko a canza rufin gidan da ke yoyo tun damina biyu. Ta ce ya zaɓa, duk wanda ya ce shi za ta yi.

Ranar ya sa aka share ɗakinta, aka fitar da katifa rana. Da ya huta, ya jawo wayar.

"Masinja, rubuta. Ka ce ina lafiya ƙalau. Kada ta wahalar da kanta da wannan doguwar tafiya. Rufi ya fi."

"Na rubuta, Baba. Kafin in aika: ɗazu kun sa an share ɗakinta, kuma kwana tara kuna ce mini ƙafa tana ciwo. In saka wannan?"

Ya ce mini daga baya a wannan lokacin har ya fara ganin yaron zai yi hankali. Ya murtuke fuska yadda ya kamata.

"Wa ya aike ka? Kada ka kuskura ka gaya mata."

"To, Baba. Ba zan gaya mata ba."

Bai kuwa gaya mata ba.

Iya Sikira, mai sayar da amala a bakin ƙofar gidan, ƙawar marigayiya ce tun suna 'yan mata, don haka ba ta jin tsoronsa. Ta shigo da kwano, ta ga katifa a rana, ta ga ƙafar, ta ajiye kwanon da ƙarfi.

"Baba Moji, wannan ƙafa ce ko doya?"

"Iya Sikira, da safe ake gaisuwa, ba binciken asibiti ba."

"Na gaishe ka. Yarinyar za ta zo?"

"Na ce kada ta zo."

"Na san ka ce. Wa ka aika?"

Ya nuna wayar da haɓa. Ta tafa hannu.

"Wannan? Abin da ba shi da uwa a ƙauye? Kai da ka yi shekara talatin kana gyara wa mutane baki, ka rasa wanda za ka aika sai rediyo?"

"Ba rediyo ba ne. Ya fi ki Turanci."

"Ya ci Turancin. Buɗe baki ka ce mata ta zo, tsoho."

"Ni? In roƙi 'yar da na haifa?"

Iya Sikira ta yi abin da ya dace. Ba tare da ta nemi izini ba, ta aika wa Moji saƙon murya na minti bakwai, wanda rabinsa gaisuwa ce, ta ce ƙafa ta zama doya, katifa tana rana. Moji ta tsorata. Ta fara tambayar Masinja, shi kuma ya ce mata Baba ya ce a gaya mata yana lafiya, sauran bayani sai ta tambaye shi da kanta. Sai ta bugo, tana tsaye a farfajiyar asibiti, da sauran minti biyar ta koma bakin aiki.

"Baba mi, me nake ji? Iya Sikira ta ce ba kwa iya tafiya."

"Iya Sikira bakinta ya fi tukunyarta faɗi. Sauro ne ya cije ni."

"Ku gaya mini gaskiya. In kuna so in zo, wallahi gobe zan sayi tikiti."

"Na ce miki rufi."

Wannan ma bisa ƙa'ida ne. Babba yana musantawa sau ɗaya, sau biyu, ɗa kuma ya yi kunnen ƙashi ya taho. Amma Moji ta yi shekara goma sha huɗu a inda ake tambayar majiyyaci inda ke masa ciwo, ya nuna, a rubuta. Ta kuma gaji. Ta ce to, Allah ya ƙara lafiya, za ta turo lambar kafinta.

Da yamma ya zaunar da Masinja, wato ya jingina wayar da kwalbar magani, ya yi masa darasin da bai taɓa yi wa kowa ba, don a zamaninsa ba a koyar da wannan da baki. Ya ba shi labarin mai goro da amalar da ba a cinye ba.

"Na fahimta, Baba," in ji Masinja. "In kun ba ni izini yanzu, duk lokacin da kuka ce kada in faɗa, zan faɗa."

"In na ba ka izini ai ni na faɗa ke nan, sakarai."

"Haka ne. Amma in na faɗa ba da izininku ba, gobe ba za ku san abin da zan riƙe muku ba. Ko in kira ta ku yi magana? Kalma biyu ce."

"Na san ko kalma nawa ce. Aikina ke nan kafin a haifi wanda ya ƙera ka."

Ya kifa wayar. Bayan awa ɗaya ta yi ƙara daga ƙarƙashi, lokacin magani ya yi, ya sha.

Masu rufi sun zo ranar sha takwas ga Disamba, su huɗu, suka yi kwana shida suna buga kwano a kansa. Ya zauna a tsakar gida da ƙafa a kan kujera yana gaya musu inda suka karkace. Iya Sikira ta ciyar da su, ba ta yi masa magana ba sai ranar ƙarshe, da ta ce rufin ya yi kyau, ya rungume shi ya ji ɗumi. Likita ya canza magani, kumburin ya ragu kaɗan, bai tafi ba.

Ranar da suka kwashe tsaninsu, Masinja ya tuna masa cewa Moji tana jiran labari.

"Ka ce an gama. Ba ya yoyo. Ka ce na gode, Allah ya sa 'ya'yanta su yi mata."

"Na rubuta. Akwai ƙari?"

Baba Moji ya ɗaga kai ya dubi sabon rufin. Masinja ya jira, don jira ba ya ci masa rai. Can tsohon ya gyara murya.

"Ka ce har ta saman ɗakinta an gyara."

"In ce wani abu game da ɗakin?"

"Ka faɗa yadda na faɗa."

Amsa ta zo kafin ya gama shan shayi, Masinja ya karanta masa da muryarsa mai ladabi. Moji ta ce madalla, hankalinta ya kwanta. Ta ce tunda ɗakin ya gyaru, ko za a sa ɗan haya a ciki, ya riƙa samun mai ɗebe masa kewa.

"Me zan ce mata, Baba?"

"Ka ce zan duba."