Ranar da Na Sare Itace a Hurumin Mutanen Dutse

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga ƙofar gidanmu a unguwar Utaibiyya ta Makka, mu uku: ni a sitiyari, yayana tela a gefena, sai Baba mai garuwa kwance a baya kan katifa biyu. Motar 'yar akori-kura ce, rarar motocin soja da aka yi gwanjo bayan babban yaƙi. Sai an murɗa mata hannu ta gaba take tashi, shi ma sai ta ga dama.

Bari in gaya muku ko wane ne Baba. Balarabe ne, mutumin duwatsun da ke kudu da Ɗa'ifa. Shekara arba'in yana saɓa sanda da garwa biyu yana kai ruwa gidajen Hausawan Makka, har ya iya Hausa, irin mai gurɓataccen harshen nan. Shi ya ɗebo ruwan da aka wanke ni ranar da na zo duniya, shi ya ɗebo wanda muka wanke mahaifinmu da shi. Bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya ce wa Innarmu ba abin da yake so sai ya ga ƙanwarsa da itatuwan garinsu kafin ya cika. Unguwa ta ɗauka da mamaki. Mutane suna taka ƙasa shekara da shekaru don su zo su mutu a Makka, shi kuma wai fita zai yi! Inna ba ta tsaya musu ba, ta dube mu ta ce, "Ku kai shi, kuma ku kai shi da ransa."

Ni dai maganar itatuwan nan tatsuniya na ɗauke ta. Wanda ya tashi a Makka, in aka ce masa akwai daji mai duhu a ƙasar nan, ai dariya zai yi.

Hantsi bai yi ba muka wuce fararen ginshiƙan nan biyu da ke nuna iyakar Harami. Yaya ya miƙe hannu ya ce to, yau an sake mu. Kun san yadda muka tashi: a cikin Harami ko ƙaya ba a karyawa, in yaro ya tsinki ciyawa sai ya sha ranƙwashi. Saboda haka a kanmu duniya kashi biyu ce, cikin ginshiƙai inda ba a taɓa itace, da wajensu inda kowane itace na mai gatari ne. Mu direbobi kuwa ba ma rabuwa da gatari a ƙarƙashin kujera. In taya ta nutse a yashi, sai ka sari rassa ka shimfiɗa mata ta taka ta fita. Sau biyu na yi haka a kwarin Sail, ba wanda ya ce mini kanzil.

A Zaima muka tsaya lagireto ya huce, don tun ɗazu yake tafasa kamar butar shayi. Akwai idon ruwa a wurin da 'yan itatuwan ayaba. Muka hau dogayen kujerun igiya na mai gahawa muka karya da gurasar tamis da muka taho da ita. La'asar sakaliya muka shiga Ɗa'ifa. Kai jama'a, iska! Kwandon inabin da a Makka sai mai hali, a nan kirshi kaɗan muka ba da aka cika mana shi har da gyara. Na cika garewanin fetur shida, don daga nan ba sauran mai sayarwa.

Rana ta biyu hanya ta ƙare. Abin da ya rage sawun raƙuma da jakuna ne, da busassun koramu masu tsakuwa. Muka ratsa gonakin rumman, muka faɗa cikin duwatsu. In tuƙa kaɗan, mu sauka mu mirgine dutse, in sake tuƙawa. Yaya da bai taɓa ɗaga abin da ya fi almakashi nauyi ba, kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo, yana ta mita wai shi ɗinki aka koya masa ba gini ba. Wani mai jaki ya wuce mu sau biyu, a na biyun har ya tambaya ko akwai saƙon da zai kai mana gaba. Da yamma mutanen wani ƙauye suka sauke mu. Suka kawo gurasa guda mai faɗin faifai uku, wadda aka gasa a kan dutse aka binne da garwashi, da zuma da man shanu a tsakiya. Yaya ya sa hannu a aljihu, maigidan ya ɓata rai kamar an zage shi. Baba bai iya cin komai ba sai ruwan zuma da na riƙa ba shi da cokali.

Rana ta uku muka fara hawa da giya ɗaya, injin na kuka. Muna karya wata kwana sai na taka birki ban san na taka ba. Wallahi daji ne! Itatuwan ar'ar ne tun daga gindin dutse har ƙololuwarsa, kore shar, masu siraran ganye, wani farin gemu na lilo a rassansu. Ƙamshinsu ya cika motar kamar an turara ta. Gajimare da muka saba hangowa a sama, a nan shi ke saukowa ya ratsa ta tsakanin itatuwa ya jiƙa maka fuska. Ga garken birai a kan duwatsu suna kallonmu, ba alamar tsoro. Can gefe kuma gonakin alkama ne hawa-hawa kamar matakala, kowace an tokare ta da katangar dutse ba siminti ba laka, da dogayen hasumiyoyi a bisa tudu. Na yi ta tunanin hannuwa nawa suka ɗauki duwatsun nan. Baba ya ce mu tayar da shi zaune. Ya shaƙi iska, ya yi tari, ya sake shaƙa, ya ce, "Ya waladi, yarona, ka ga ni ba ƙarya." Na ji kunya ƙwarai.

Amma numfashinsa ya fara ja, ina jin sa daga gaba ko da injin na aiki. Da muka kwana muka tashi, leɓɓansa sun yi duhu. Ya ce saura hawa ɗaya mu isa.

Da hantsi aka yi yayyafi, muka shiga wani kwari inda itatuwan suka fi ko'ina girma da kauri. Nan tayoyin baya suka nutse a laka har gindi. Na ba motar wuta, ta ƙara nutsewa. Baba barci ya ɗauke shi. Akwai wasu duwatsu da aka jera aka shafa musu farar ƙasa a bakin kwarin, na gan su, ban kawo komai a raina ba. Hankalina yana kan mutumin da ke kwance. Na zaro gatari na nufi wata matashiyar ar'ar mai kaurin cinya, miƙaƙƙiya, na hau sara. Ƙarar faɗuwarta ce ta tashe shi.

"La! La, ya waladi! Hima ne, hima!"

Ban taɓa jin kalmar ba sai ranar. Ashe hima shi ne hurumi. Kowane ƙauye a dutsen nan yana da dajin da kakanni suka keɓe, ba a sarar ɗanyen itace a ciki sai dattawa sun zauna sun yarda, don rufin masallaci ko rufin kabari. Shi ya sa dajin ya kai yau. Waɗannan fararen duwatsu da na raina, su ne ginshiƙansu.

Ban gama fahimta ba sai ga mai gadin hurumin ya gangaro, dogon mutum da wuƙa a ɗamara da reshen ɗoɗɗoya a kunne. Bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama, ya miƙo hannu ya karɓi gatarin, ya ce motar ba za ta motsa daga inda aka yi laifi ba sai dattawa sun zo sun gani da idonsu, gobe ke nan. Na ce masa ya yi wa Allah, ga mara lafiya ba zai kai gobe a sanyin nan ba. Ya ce doka ba tasa ba ce balle ya sassauta.

Sai Baba ya yi magana da wani irin Larabcin da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya faɗi sunan mahaifinsa da na gidansu. Mutumin ya leƙa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya hau wani dutse, ya kafa hannu a kunne, ya kwarara kira mai tsawo. Daga can sama wani ya amsa, wani ya ƙara miƙawa gaba. Kafin azahar mutum goma sha wani abu sun gangaro da gadon igiya. Suka ɗora Baba, suka saɓa a kafaɗa, suna hawa suna karɓeɓeniya ba tare da sun tsaya ba, mu muna haki a bayansu. Motar kuwa tana nan inda take. Ba su karya dokarsu ba, ba su kuma bar ɗan'uwansu a kwari ba. Ban taɓa ganin mutane irin waɗannan ba.

Ƙanwar tasa ta tsufa, idonta ya tafi. Da aka sauke shi a ƙofar gida ta shafa fuskarsa ba ta gane ba, har hannunta ya sauka kan kafaɗarsa ya ci karo da kantar sandar garuwa, tauri kamar ƙahon rago. Ta tambaye shi wannan fa, ya ce ruwan maƙwabtan Ɗakin Allah ne. Ta kifa kai a wurin ta fashe da kuka. Yaya ya juya baya wai hayaƙi ne ya shiga idonsa.

Washegari dattawa suka sauka suka ga kututturen, suka dawo suka zauna a ɗakin Baba don ya ji. Hukunci: gatari ya zama na gari, kuma mai laifi ya yanka rago ya ciyar da jama'a. Baba ya ce shi ya kawo mu, laifin baƙo na mai masauki ne, a kama rago a garken gidansu. Na so in yi musu, ya harare ni irin hararar da yake mini ina yaro in na taɓa masa garwa. Da aka zo kan itacen, aka ce a kai shi masallaci a ajiye don rufin kabari, tunda gara ba ta cin ar'ar. Baba ya yi murmushi ya ce da Hausa, don mu kaɗai mu ji, "A ajiye mini. Yarona ya sare, ni zan kwana ƙarƙashi."

Da duwatsu da kafaɗu suka fitar mana da motar, ba a karya ko tsinke ba. Kwana uku muka yi a hanyar dawowa, muka nutse a yashin Sail, ba gatari, muka tona da hannu muka jera tsakuwa, kuma ta fita. Da muka iso fararen ginshiƙai Yaya bai yi barkwancinsa ba. Muka tarar da Inna a bakin ƙofa, tambayarta ɗaya: da ransa? Muka ce da ransa, har ya sha ruwan garinsu. Ta ce alhamdu lillahi, ta shige ciki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, na tafi ina ganin mu kaɗai Allah ya ba wurin da ake jin nauyin itace. Na samu mutanen da ba mai tsaye a kansu, sun ja wa kansu iyaka da farar ƙasa, sun riƙe ta har a kan mai jan numfashi, kuma ba su rasa tausayi ba.

Shekaranjiya wani mai sayar da zuma daga dutsen ya yi sallama a gidanmu. Ya ce Baba ya yi kwana goma sha tara, kullum a fitar da shi ƙofar gida yana kallon dajin, sannan ya cika ranar Juma'a. Da itacen nan aka rufe shi. Ya kwance wani ƙunshi ya miƙo mini: gatarina ne, Baba ya roƙi dattawa a mayar mini, an sake masa ƙota da reshen da ya rage. Inna ta karɓa ta sansana, ta ce ba za a mayar da shi mota ba. Yana nan rataye a ɗakinta, a ƙusar da Baba yake jingine sandar garuwarsa in ya shigo shan inuwa.