Takardar da Na Sauke a Kan Gada

Shekarun baya, kafin yaƙi ya watsa mu, ina koyar da lissafi a wata 'yar makaranta a unguwarmu ta Mayo. Littafi ɗaya yara huɗu ke rabawa, don haka rabin darasina daga wani gurub ɗin malamai na WhatsApp nake samowa. Uwar gurub ɗin wata dattijuwar malama ce a Umdurman. Ban taɓa ganinta ba, amma takardun bitarta sun rufa min asiri shekara biyu.

Sabis a unguwarmu sai an haɗa da addu'a. Shi ya sa duk Juma'a in zan je gidan yayata a Umdurman, da mota ta hau gadar kogi, inda sabis ke kamawa, sai in sauke duk abin da aka turo, ban karanta ba, ban tace ba. Ranar nan muna tsakiyar gada dattijuwar ta turo tambayoyin aji shida, na danna. Kafin mu sauka ta goge saƙon, amma takardar ta riga ta zauna a wayata. Ko a jikina. Na ce ƙila kuskuren rubutu ta gani.

Na kwafe tambayoyin a allo, muka yi mako guda muna tisa su da yara, ina ta hura hanci wai na fi kowa shiri.

Ranar jarrabawar da makarantunmu ke haɗuwa su yi, shugabar makaranta ta yage ambulan ta miƙo min. Tambaya ta farko, mai tumatir da kwanduna bakwai. Ita ce dai wadda na kwafa a allo. Ta biyu, ta uku, har ta ƙarshe, ko lamba ɗaya ba ta canza ba. Yara suka fara ɗago kai suna min murmushi. Wallahi ban taɓa tsoron murmushi irin na ranar ba.

Dokar kwamitin jarrabawa kowa ya san ta: malamin da aka kama da satar tambaya ya bar aiki. Zan iya yin shiru yarana su cinye. Minti goma ina zagaye aji, sannan na je na faɗa wa shugaba.

"Ya Ustaza, daga ina?"

"Daga gurub."

"Wa ya turo?"

Na sunkuyar da kai. Sai a lokacin na tuna dattijuwar na cikin masu tsara tambayoyin. In na kira sunanta na tona asirin matar da ta goya ni a bayanta, in na yi shiru ni ce ɓarauniya.

"Halas, shi ke nan, ranar Alhamis ki yi wa kwamiti bayani," in ji shugaba.

Na tura wa dattijuwar saƙon murya. Ta saurara, ba ta amsa ba. Kwana uku ina duba waya kamar mai jiran haihuwa. Na ji haushinta sosai, ba zan ɓoye ba.

Alhamis ina tsaye gaban kwamiti, na riga na shirya cewa na manta wanda ya turo, sai ga wata gajeriyar tsohuwa cikin farar lufaya ta turo ƙofa tana haki. Mota uku ta hau daga Umdurman.

"Ku ƙyale yarinyar nan," ta ce. "Ni na turo. Mai buga takardu zan aika wa, hannuna ya kauce. Na goge, na yi shiru, na ce wa kaina ba wanda ya gani."

Aka cire ta daga masu tsara tambayoyi, aikin da ta shekara da shekaru tana yi. Yarana suka sake jarrabawa, wasu suka ci, wasu suka sha ƙasa. Ni aka bar ni da aikina.

A waje ta kama kunnena, ta bar Larabci ta juye zuwa Hausa. Ashe ita ma irina ce, jikar Hausawa mahajjata da suka yada zango a ƙasar nan.

"Ke 'yar nan, minti biyu fa kawai saƙon ya yi! Ina kike?"

"A kan gada, Mama."

Ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa kuka nake yi.

Har yau in na tuna nakan ji kunyar haushin da na ji na kwana ukun nan. Yanzu kowa na inda yaƙi ya jefa shi, amma gurub ɗin bai mutu ba. Duk takardar da za ta turo sai ta fara rubuta: "'Yar Mayo, na duba sau uku. Sauke."