Rigar da Aka Ɗinka a Cikin Na'ura

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, ita ta riga ta iso. Takan fara da cire 'yan kunnenta da agogo ta zuba a aljihun tebur, domin ɗakin aikinta ba ya shiri da ƙarfe ko da na allura ne. Maganaɗisun na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, fizge shi zai yi. Sai ta gwada na'urar, ta shimfiɗa zane mai tsabta, ta jera 'yan ƙananan matasan kai da ta haɗa da hannunta. Shekara ashirin da shida tana haka, har makon jiya da ta yi ritaya. Kowa a asibitin Anti Kar-ki-motsa yake ce mata, don maganar da ta fi yawa a bakinta ke nan.

Yawancin matan da ake turo mata masu kansar mama ne. Wasunsu likita kan ɗora su a kan ƙwayoyin da ke hana ƙullutun kansar samun sinadarin jikin mace da yake girma da shi, su yi watanni suna sha kafin tiyata. Anti ce ke ɗaukar hoto kafin a fara, ita ce kuma ke ɗauka bayan an gama. Da hotunan nan biyu likitoci ke gane ko maganin ya ci. In ƙullutun ya ƙanƙance, sai a cire shi kaɗai. In yana nan yadda yake, maman ne gaba ɗaya zai tafi.

Abokan aikinta sun shaida cewa ranar da aka kawo na'urar, ita ta fara kwanciya ruf da ciki a cikinta, minti arba'in cur, don ta ji abin da matan za su ji. Ta fito hannu ya sage, ƙirji na zogi. Daga nan matasan kan suka samo asali, da wani littafi da take rubuta yadda kowace mace ta kwanta, don kwanciyar hoto na biyu ta zo daidai da ta farko. Kai, wa ya sa ta? Babu kowa.

Akwai wata mai ɗinki, uwar 'ya'ya biyar, da ta gama wata shida tana shan maganin. Ranar hoto na biyu, tana shiga na'urar tsoro ya kama ta, ta dinga kuka jikinta na ɓari. Hoton ya fito dishi-dishi, kuma a cikin dishin ƙullutun kamar bai ragu ba. Ga shi washegari da hantsi likitoci za su zauna su yanke hukunci.

Shugaban sashen ya leƙo ya ce, "Tura shi haka, layi ya yi tsawo."

Anti ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan hoton kukanta ne, ba na mamanta ba. Ba zan tura ba."

Ta zauna kusa da matar ta riƙe hannunta. "'Yar'uwa, mece ce sana'arki?"

"Ɗinki," in ji matar, tana share hawaye.

"To madalla. Gobe ki zo da sassafe. Ƙarar na'urar nan da ta firgita ki, ki ɗauka keken ɗinkinki ne. Ki ɗinka mini riga a zuciyarki, daga wuya har ƙasa. Kuma ni ba na son ɗinkin gaggawa, ki sani."

Matar ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Da safe ta dawo. Anti ta buɗe littafinta, ta kwantar da ita yadda ta kwanta wata shida baya, aka yi mata allurar da ke haska hoto. Ta lasifika Anti ke cewa, "Kin gama wuyan? To, kama hannu. Kar ki motsa." Ko gezau matar ba ta yi ba.

Hoton ya fito tar. Ƙullutun da ya kai ƙwan kaza ya koma kamar ƙwayar wake. Likitan tiyata ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah." Ƙullutun kaɗai aka cire.

Ke ce wadda ba a sa sunanki a takardar sakamako, Anti. Ke ce idon likita, wadda ta ƙi bari a yanke wa mace hukunci a kan hoton da bai faɗi gaskiya ba. Wallahi abin naki yana ba ni mamaki, yana kuma ba ni kunyar kaina.

Ranar bankwana, mai ɗinkin ta zo da ƙunshi. Shuɗiyar riga ce, babu zif, babu maɓallin ƙarfe ko ɗaya.

"Ita ce wadda na ɗinka a ciki," in ji ta. "Na dai fito da ita ne."

Anti ta saka, ta zauna mata cif. Sai ga ta tana kuka kafaɗunta na rawa, mai ɗinkin na gyara mata wuya tana cewa, "Haba Anti, kar ki motsa mana."

Mun gode, Anti, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma da kuka gaji ɗakin nan, littafin da matasan kan suna nan inda ta bar su. In hoto ya fito dishi-dishi, don Allah ku sake ɗauka.