Akumu da Babura Tara

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina soya kifi a bakin shingen Oyoo mai gwanjo da ke unguwar Kondele a Kisumu, inda ake tara babura da motocin da aka ƙwace daga hannun waɗanda suka kasa biyan bashi. Na ga masu ƙwace iri-iri. Yawancinsu ƙarti ne masu ji da ƙwanji, wata uku wata huɗu sai ka ji an fasa wa wannan kai a Nyalenda, wancan ya tattara ya koma ƙauye noman rake. Wadda ta ga bayansu duka wata gajeriyar mace ce mai suna Akumu, 'yar Seme, wadda in ka gan ta da jaka a hammata sai ka rantse kuɗin coci take tarawa.

Ba sha'awa ce ta kai ta aikin ba. Mijinta ya tafi Mombasa neman aiki, ya samu aikin, ya manta hanyar Kisumu, ya bar ta da yara uku da kuɗin makaranta. 'Yan acaɓa suka raɗa mata Shirwa. In ta shigo layi sai ka ji ana ta tayar da babura kamar ruwa ya taso. Ko a jikinta. Takan ce ita ba ta sa hannun kowa a takardar bashi ba, kuma duk wanda ke jin kunyar aikinta ya zo ya karɓi ciyar da yaranta, ta zauna a gida ta huta.

Tana da yadda take aikinta. Kamfanonin bashi na ba da makulli na biyu na kowane babur, kuma ƙartin nan da shi suke aiki: su faki ido, su hau, su tsere. Akumu ba ta taɓa sa makulli na biyu a babur ba. Sai ta je ƙofar gidan mutum ta zauna a kan kujerar roba, ta fito da gyaɗa tana ɓarewa, tana gai da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har mai babur ya gaji ya miƙo makulli da hannunsa. Wani lokacin awa ɗaya, wani lokacin kwana biyu. Ta miƙa masa hular kwanonsa da rigar ruwansa, ta rubuta masa yawan man da ke tanki. Na sha ce mata wannan wahalar da kai ce, ita kuwa ta ce abin da ya sa har yau haƙoranta suke cikakku ke nan.

Albashi kam babu. Babur ɗaya shilin dubu ɗaya da ɗari biyar, mota dubu biyar, kuɗin abin hawa da na waya duk daga aljihunta. Watan da ya yi kyau ta haɗa dubu talatin. Watan da bai yi ba, tuwon masara da ganye, sai kan kifin da nake ajiye mata ina yi kamar ragowa ne. Kitsen aikin yana wurin mai lasisi, shi ke karɓar kuɗin ajiya kullum, shi ke yankar kasonsa ranar gwanjo. A wannan sana'a matakala ɗaya ce tak: ko ka samu lasisinka, ko ka tsufa kana bin layi da jaka. Lasisin kuwa ba ya samuwa sai da takardar wani mai lasisi da ke shaida ka yi masa aiki shekara uku a jere. Akumu ta yi wa Oyoo shida. Duk sanda ta tayar da maganar sai ya shafa tumbinsa ya ce wata mai zuwa.

Ana nan sai motar rake ta take Ragot, shugaban 'yan acaɓan Kondele, a hanyar Ahero.

Ɗan acaɓa zai cire 'yar na'urar da ke tona inda babur yake, ya canja lamba, ya ɓoye babur a ɗakin kakarsa wata biyar. Amma ba zai ƙi raka gawar ɗan'uwansa ba, kuma ba zai je a ƙafa ba, abin kunya ne. Zai ɗaura wa babur ɗin ganye, ya kunna fitila da rana tsaka, ya shiga ayari yana busa oda tun daga ɗakin ajiye gawa har ƙauye. Oyoo ya lissafa, babura tara da ake nema ruwa a jallo duk za su kasance a Ahero ranar Asabar, wurin binne Ragot.

A teburina aka yi maganar. Oyoo ya sa na soya masa babbar karfasa, ya fito da takardar nan an buga ta tsaf, sa hannu kaɗai ya rage, ya ajiye ta kusa da farantin. Ya ce ga a-kori-kura, ga makullai tara, ga ƙarti biyu. Lokacin da aka tafi bakin kabari baburan na jere ƙarƙashin mangwaro ba mai gadi.

"'Yar Seme, ki kawo su, Litinin ki zama mai gidan kanki," in ji shi.

Ba zan ɓoye ba, ni da bakina na ce mata ta yi. Na ce mamaci ya riga ya mutu, ba babur zai hau ba, kuma waɗannan da take jin nauyinsu su ne ke tofa yawu in ta wuce. Ta saurare ni har na gama, ta tambaye ni ko mangyaɗa ya ƙara kuɗi.

Ni ma na je Ahero, domin ni aka ɗauka suyar kifin baƙi, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani. A bakin gadar shiga Ahero Akumu ta sallami a-kori-kurar da ƙartin, ta ƙarasa a ƙafa da farin ɗankwali. Ta tsaya a teburin gudunmawa ta ba da ɗari biyar, ta sa aka rubuta sunanta cikakke. Da aka zo wurin jawabai, dangi suka yi, 'yan coci suka yi, 'yan acaɓa suka yi, sai mai gabatarwa ya ce ko akwai wani aboki da ya rage. Sai ga ta ta miƙe ta karɓi lasifika.

"Sunana Akumu, kun san aikina," ta ce. "Ragot sau biyu yana zagina, sau ɗaya yana kai yarona asibiti bai karɓi ko sisi ba. Na zo binne shi ne. Sunayen mutum tara daga cikinku suna cikin jakata, kuma na ga baburanku ƙarƙashin mangwaro, har wanda ya shafa wa nasa shuɗin fenti. Yau ba na taɓa kayan kowa. Ku binne shugabanku. Litinin da safe ina bakin shinge, wanda bai zo ba ni zan zo masa da kujerata."

Wani ya jefo gorar ruwa, ta wuce ta gefen kunnenta. Samari suka taso, dattawa suka tare. Matar mamacin ce ta ɗaga hannu daga inda take zaune kusa da akwatin, ta ce a ba baƙuwa abinci. Akumu ta wanke hannu ta zauna ita kaɗai a benci mai cin mutum takwas, ta cinye tuwonta da kifinta a tsanake, har ƙayar ta tsotse. Ni kuwa raina a ɓace, na rasa ma da wa nake fushi.

Ranar Litinin mutum biyu suka zo, suna tura baburansu, kansu a ƙasa. Sauran bakwai tun ranar Lahadi suka tsallake iyakar ƙasa ta Busia da baburan. Wannan ita ce godiyar 'yan acaɓa, kuma har gobe ban yafe musu ba.

Oyoo bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi. Ya biya ta dubu uku na babura biyu, ya ƙirga mata a tafin hannu. Da ta tambayi takarda sai ya dube ta kamar ranar ya fara ganinta.

"Wace takarda, 'yata? Ke da kike zuwa jefi-jefi ina taimaka miki? Nuna mini inda aka rubuta kin yi mini aiki."

Babu inda aka rubuta. Shekara shida hannu da hannu ake biyanta. Ta zuba makullai bakwai ɗin a teburinsa, ta ce ya ƙirga kada gobe ya ce ta sata, ta jira ya ƙirga, sannan ta fito.

Sati biyu bayan nan ta kama aiki da wani mai gwanjo a Kibuye, kuɗin babur ɗin ma bai kai na Oyoo ba. Amma ba ta ɗauki jaka ba sai da ya rubuta ranar da ta fara, ya buga hatimi, ta kai aka yi kwafi uku. Ɗaya ta kawo mini ajiya, yana cikin gwangwanin da nake sa kuɗin ciniki. Ranar da ta kawo shi na kasa riƙe bakina. Na ce shekarunta arba'in da huɗu, gwiwarta ta fara ciwo, babbar 'yarta na jiran kuɗin kwaleji, ga shi ta koma lissafi daga ɗaya saboda mutanen da ko sannu ba su ce mata ba. Na ce kafin ta ga lasisin nan ta kai arba'in da bakwai.

Ta gyara jakar a hammata, ta duba takardar sunayen da ke hannunta.

"Maman Ouma, in na zauna a gida ina kuka, arba'in da bakwai ɗin fasa zuwa za ta yi? Ajiye mini kan kifi, Manyatta zan je, akwai wani mai jan babur da ake bi bashi."